Yadda mutumin kwamfuta ya haɗa ni da Ma'aji

Waɗanda ba su je taron ƙungiya ranar Asabar ba, ku bar kira na haka nan. Ga labarin, kowa ya karanta ya huta.

Kun san bidiyon buhun PICS, buhun nan na adana wake ba tare da magani ba, da na ɗauka bayan girbi. Yawancinsa hannaye ne kawai da buhu da wake, babu magana, don kukan injin niƙa ya cinye sautin, na goge shi. Ɗan yayata da ke karatu a Zariya ya ce, "Kawu, ai yanzu ba a wahalar da baki. Rubuta abin da kake so, manhaja ta karanta, ta kuma ba ka mutum ya tsaya a gefe yana motsa leɓe." Muka zaɓi wani baƙin saurayi mai kwat, don duk jerin ban ga mai hula ba. Na rubuta bayani tsaf: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, a busar da wake sosai, a duba ko ledar ta huje, a matse iska, a ɗaure kowacce daban. Ƙwaron da ke ciki ya shanye ragowar iskar ya mutu, ba ruwanka da fiya-fiya. Har na tuna musu cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Na kalla a waya, magana da hoto sun hau daidai.

Daren Juma'a sai ga saƙon Sarkin Noma, wai ba za a nuna abu a gaban Mai Gari babu gaisuwa ba. A gai da Mai Gari, a gai da Liman, a gai da malamin gona, iyaye mata, matasa, da shi kansa da cikakkiyar sarautarsa. Yaro ya liƙa gaisuwar a sama, ya sake haɗawa, ya turo. Da irin sabis ɗin garinmu, bidiyon bai gama sauka ba sai da aka shimfiɗa tabarmi.

To abin nan murya daban take, hoto daban. Manhajar daga rubutu take ƙera murya, sannan ta daidaita leɓen mutumin da muryar. Abin da ke gudana a bayansa kuwa ba ta san da shi ba. Ka ƙara gaisuwa, magana ta ja baya, hoto ya yi gaba abinsa. Da ni ne a tsaye, ai zan waiga in jira.

Aka haska a bangon firamare. Mai kwat yana gai da Liman, hannaye sun fara zuba wake. Yana cewa a duba ko ledar ta huje, an riga an ɗaure bakinta. Wani daga baya ya ce, "Ai ka makara, Malam." Aka ɗan dara. Na ce a raina, wannan mai sauƙi ne.

Kusa da ƙarshe na sa hoton ƙwaro a tafin hannu, daga shi sai Ma'aji a ƙofar sito, riƙe da makullai, yana murmushi. Shi ya dage sai ya fito, har babbar riga ya je ya sako. Ƙwaron ya zo ya wuce ana maganar igiya. Ma'aji ya cika bango. Sai mai kwat ya ɗan karkata kai wajensa, ya ce a natse:

"Jama'a, ku kalle shi da kyau. Wannan shi ne yake cinye mana wake a cikin sito."

Ma'ajin bango yana murmushi. Ma'ajin gaske yana sahun gaba, goro a hannu.

"Shiru yake shiga, ba a jin motsinsa. Ya ci ya ƙoshi, ya hayayyafa. Sai an zo fitar da kaya a tarar buhu ya zama gari."

Kun dai san zancen buhuna bara, ba sai na faɗa ba. Kun kuma san yawan 'ya'yansa, Allah ya raya. Wurin ya yi tsit. Mai Gari ya ja rawani ya rufe baki, amma kafaɗunsa suna rawa. Liman ya sunkuya yana neman abin da bai faɗi ba. Shi kuwa mai kwat ko a jikinsa, yana ƙifta ido, yana gyaɗa kai, ya ƙara da cewa, "Maganinsa ɗaya ne, a toshe masa iska." A daidai nan Ma'ajin bango ya ɗaga makullai ya girgiza su. Inna ce ta fara fashewa, daga ita sai gaba ɗaya ɓangaren mata.

Na zabura zan kashe, ashe rimot yana hannun mai majigi. Wannan mutumin, Allah ya isa tsakanina da shi. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Ranka ya daɗe, na baya ba su ji ba," ya mayar da shi farkon wurin. Su wane ne na baya? Lasifikarsa har masallacin Juma'a ake jin ta. Mutumin da ya karɓi kuɗin man janareta cikakke ya zo da rabin galan. Mutumin da tun bikin ƙanwata yake riƙe da wayar wutata mai tsawo, kullum sai ya ce tana wurin yaronsa, alhali da ita ya haɗa majigin a ranar, na gane ta da baƙin salatif ɗin da na naɗa mata da hannuna. Shi ne yau ya zama mai tausayin na baya. Kuma da ya maimaita sai ya tsayar da hoton a kan makullan, wai inji ne ya maƙale. Ban taɓa ganin injin da ke maƙalewa mai shi yana riƙe da ciki ba.

Ma'aji bai juyo ba. Ya ce, "Malam, wa ya rubuta masa?" Na ce kwamfuta ce. Ya ce, "Ita kwamfutar a gidan wa ta kwana?" Na buɗe baki zan yi bayanin murya daban hoto daban, Sarkin Noma, wanda gaisuwarsa ta jawo duk wannan, ya miƙe ya ce a yi addu'a.

A hanyar gida Inna ta tare ni, wai yaron nan mai kwat ɗan gidan wa ne, Allah ya yi masa albarka, a kawo shi taron raba taki. Na ce ba mutum ba ne. Ta ce shi ya sa.

Yanzu yankakken wurin yana yawo a WhatsApp, har wani dillali a Dawanau ya turo min shi yana tambaya ko garinmu ne. Ma'aji yana amsa sallamata, amma daga can cikin maƙogwaro. Mutum biyu sun tambaye ni inda ake sayar da buhun, ɗaya ma so yake a ba shi bashi. Ɗan yayata kuma ya turo lissafin data. Wanda zai bi ta wurin mai majigi ya karɓo min wayar wutata.