Kai da kake yi wa kanka zaman makoki kana raye

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Daren jiya, can tsakar dare, saƙon wani ƙanena ya shigo wayata: "Yaya, ka yafe min duk abin da na taɓa yi maka, ina jin kwanana ya ƙare." Gabana ya faɗi. Na kira shi a take, ina zaton hatsari ya yi ko yana kwance a asibiti. Ashe yana ɗakinsa, lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne, watannin baya tsokar sharaɓarsa ta fara motsi da kanta, ɗan bal-bal ɗin nan a ƙarƙashin fata. Ya ɗauki waya ya tambayi Google, ya fito da sunan wani ciwo, ALS, wanda ke kashe jijiyoyin da ke sarrafa motsi. Tun daga ranar bai ƙara barcin kirki ba. Matashi ne da ko talatin bai cika ba, amma har ya fara tunanin wanda zai riƙe masa 'ya'ya.

Na kwana abin yana cina a rai, don na san ba shi kaɗai ba ne. Da kai nake, da ke nake, duk wanda ke cikin wannan halin yana ɓoyewa.

Na san yadda wuninka yake. Kana buɗe ido da asuba, kafin ka ce Alhamdulillahil lazi ahyana, ka riga ka dunƙule hannu ka ji ko ƙarfin yana nan. Ka shiga banɗaki ka haska fitilar waya, ka zaro harshe gaban madubi, ka tsura masa ido ko zai yi rawa. Kuma zai yi, don babu harshen da za a zaro a riƙe a waje bai yi rawa ba. Ka yi tafiya a kan dunduniya daga ƙofa zuwa bango, ka dawo a kan yatsu. Ka kwatanta hannun dama da na hagu, ka ga wani ɗan rami kusa da babban yatsa da ka tabbata da can babu shi. Da can ma yana nan, ba ka taɓa dubawa ba ne. Ka haɗiyi yawu sau ba adadi kana gwada maƙogwaro har ya bushe, sannan ka ce haɗiya ta fara yi maka wuya.

Har cikin sallah abin ya bi ka. Liman yana karatu, kai hankalinka yana kan cinyarka da ta motsa. Ka yi sujada kana auna ko hannunka zai iya ɗaga ka. Haba ɗan'uwa! A gaban Wanda ya halicci tsokar da jijiyar kake tsaye, amma tsokar kake saurare.

Bari mu yi maganar ciwon kansa, don ba na son ka ce ban san abin da kake tsoro ba. Ciwo ne na gaske, kuma mai nauyi. Wani likita ɗan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fara bayyana shi a 1869. Ƙwayoyin jijiyar da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka su ne ke mutuwa a hankali, sai tsokar ta yi rauni ta shanye, har abin ya kai ga magana da haɗiya da numfashi. Yawancin masu shi suna rayuwa shekara 2 zuwa 5 bayan ya bayyana. Allah Ya tsare mu, Ya sassauta wa waɗanda Ya jarraba da shi. Amma a ƙasashen da ake ƙididdige shi sosai, kusan mutum 2 cikin 100,000 yake kamawa a shekara, kuma galibinsu 'yan shekara 55 zuwa 75 ne. Motsin tsoka kuwa, yawancin masu lafiya suna jin sa a rayuwarsu: a fatar ido, a sharaɓa, a dantse, a tafin ƙafa. Gajiya na kawo shi, rashin barci na kawo shi, yawan shan kofi, motsa jiki mai tsanani, da kuma ita kanta fargabar.

Likitocin jijiya suna nanata abu guda. Wannan ciwon da gazawa yake zuwa. Mai shi yakan zo ne yana cewa ya kasa saka maɓallin riga, ya kasa murɗa makulli, ƙafarsa tana jan ƙasa yana ta tuntuɓe, ko mutanen gida sun ce maganarsa ta fara lauyewa. Ba jin kasala ba, ba jin nauyi ba: hannun ne zai ƙi yin abin da aka sa shi. Motsin tsoka shi kaɗai, babu rauni, babu shanyewa, likita ya duba bai ga komai ba, da wuya ƙwarai ya zama wannan ciwon. Kai kuma da kake tsalle a ƙafa ɗaya kullum don ka gwada kanka, wata da watanni, ƙafar da take mutuwa ba ta yin haka.

Na san amsar da ka tanada. Za ka ce ai Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan na Ingila, shekararsa 21 aka gano masa. Gaskiya ne, a 1963. Amma shi faɗuwa ya riƙa yi, maganarsa tana sarƙewa. Kuma tunda ka kawo shi, ka ƙarasa labarin mana. Likitoci sun ɗebar masa shekara biyu kacal. Bai rasu ba sai 2018, yana da shekara 76. Mutum nawa masu cikakkiyar lafiya da suka tausaya masa a 1963 suka riga shi tafiya? In ajali ya yi kira, ko babu ciwo sai an je. In bai yi ba, ko da ciwon ana nan. Allah Ya faɗa a ƙarshen Suratu Luƙman cewa babu wani rai da ya san abin da zai aikata gobe, babu wani rai da ya san ƙasar da zai mutu. Kai kuma har ka zaɓa wa kanka sunan ciwon da shekarar.

Wannan shi ne abin da ya fi ɓata min rai. Allah Ya ba ka lafiya yau, a hannunka take, kana tafiya da ƙafarka, kana ci da hannunka, kana kiran 'ya'yanka da harshenka. Maimakon godiya, ka mayar da jikin nan abin tuhuma, kullum kana bincikensa kana neman shaidar cewa Ubangijinka Ya shirya maka masifa. Ina kyakkyawan zato? A hadisin ƙudusi Yana cewa Shi Yana nan inda bawanSa yake zatonSa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ni'imomi biyu ne mutane da yawa ke tafka hasara a kansu, lafiya da sararin lokaci. Mukan ɗauka da masu shashanci kawai ake. Wallahi har da wanda ya ƙarar da shekarun ƙuruciyarsa yana kukan ciwon da ba shi da shi. Matarka tana maka magana kana kallon yatsanka. Ɗanka ya ce ka ɗaga shi, ka ɗaga, amma ba don shi ba, don ka gwada dantsenka.

Ka gane dabarar Shaiɗan a nan. Ba zai ce maka ka bar sallah ba, ya san ba za ka yarda ba. Sai ya ce, duba sau ɗaya kawai, hankalinka ya kwanta. Ka duba, ka ji sanyi na minti goma, sai ya dawo da sabuwar tambaya. Duban nan kamar susar ƙaiƙayi ne, daɗi a lokacin, gobe wurin ya fi jiya ɓaci. Fargaba tana hana barci, rashin barci yana ƙara motsin tsoka, motsin ya ƙara fargaba. Da hannunka kake juya abin.

Ba cewa nake kar ka je asibiti ba. Annabi ya umarce mu da neman magani. In da rauni na zahiri, ko tsoka tana zubewa, ko magana ta canza, yau ka tafi, kar ka jira gobe. In ma motsin ne kawai kuma ya dame ka, je ka ga likita, ya duba ƙarfinka, in ya ga da buƙata ya tura ka gwajin EMG, wanda ake soka siririyar allura a tsoka a ga yadda take aiki. Amma idan ya ce lafiyarka lau, ka karɓa. Kar ka fito ka ce ƙila da wuri aka yi gwajin, ƙila likitan bai ƙware ba, ka koma na biyu, ka koma na uku, kana ɗauke da takardun da duk abu ɗaya suka faɗa. A wannan gaɓar ciwon da kake da shi ba a jijiya yake ba. Fargabar ce ciwon, kuma sananniya ce, tana da magani. Akwai masana lafiyar ƙwaƙwalwa da ke zama da mutum su koya masa yadda zai daina duba jikinsa da yadda zai zauna da shakku ba tare da ya bi shi ba, wani lokacin a haɗa da magani. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne, kuma bai ci karo da tawakkali ba.

Ku kuma iyaye da mazaje da mata da abokai, ku ji tsoron Allah. Mutum ya cire kunya ya gaya muku abin da ke hana shi barci, ku ce masa ƙarancin imani ne, ko ku yi masa dariya a gaban mutane. Daga ranar ya rufe bakinsa, ya koma wa waya, ita da ba ta gajiya da tsorata shi. Bai zaɓi wannan halin ba, azaba yake sha ta gaske. Ku saurare shi, ku raka shi wurin likita. Amma kar ku zama masu duba masa harshe kullum, wannan ba taimako ba ne.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, don girman Allah ku ajiye wayar nan da dare. Ku daina rubuta sunan ciwon nan kuna nema, ku daina kallon bidiyon masu jinya har gari ya waye. Idan tsokar ta motsa, bar ta ta motsa, ka ci gaba da abin da kake yi. Safe da yamma ka riƙe addu'ar da aka koyar da mu, Allahumma afini fi badani, Allahumma afini fi sam'i, Allahumma afini fi basari. Ka faɗe ta kana roƙo, ka tashi ka kama harkarka, ba ka faɗe ta sannan ka koma gaban madubi ka ga ko an amsa ba. Don Allah ku daina duba harshen nan. Don Allah.

Ya Allah, waɗanda ke kwance da wannan ciwo da gaske, Ka sassauta musu, Ka sa ya zama kaffara, Ka ƙarfafi masu jinyarsu. Waɗanda tsoronsa ya hana barci, Ka yaye musu, Ka mayar musu da barcinsu da nutsuwar sallarsu. Amin.