Nasiha ga ƙannena: abin da Roberto Clemente ya yi da rainin da aka yi masa

Ƙannena maza da mata, akwai wata magana da ta yi yawa a bakinmu a 'yan shekarun nan. "An raina ni." "Ba a ganin ƙoƙarina." "Ni ba ni da uwa a gindin murhu." Ban ce ƙarya kuke yi ba, domin raini yana nan, kuma yana da zafi. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo bayan maganar. Yaro ya bar wurin koyon sana'a don maigida ya yi masa tsawa a gaban mutane. Yarinya ta daina ƙoƙari a aji don an fifita 'yar wani a kanta. Daga nan sai zaman majalisa, ana ta maimaita labarin zaluncin da aka yi mana har shekaru su tafi. Saboda haka nake so ku ji labarin wani mutum da ya sha raini fiye da yawancinmu, ku ga inda ya kai shi.

Sunansa Roberto Clemente, ɗan wasan besbol ne daga tsibirin Puerto Rico. Na san wasan ba namu ba ne, don haka ga shi a taƙaice. Mutum ɗaya yana jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani yana ƙoƙarin maka ta da sanda. In ya same ta, sai ya ruga yana bin tashoshi huɗu da aka jera a fili, tsakanin kowace da mai bi mata kusan mita 27, in ya zagayo ya dawo inda ya fara an ci maki ɗaya. Can a bayan fili kuma akwai mutum uku da ke tsaye nesa da kowa, aikinsu su cafe ƙwallon tun tana sama, ko su tsince ta su jefo kafin mai gudu ya isa tasha. Clemente shi ne mai tsaron ɓangaren dama. Wuri ne da mutum zai daɗe a tsaye ba abin da ya zo wajensa, amma ranar da ya yi sakaci na ƙiftawar ido, ranar ƙungiyarsa za ta sha kashi.

An haife shi ranar 18 ga Agusta, 1934, a garin Carolina. Shi ne auta a gidansu. Mahaifinsa Melchor shugaban leburori ne a gonar rake, mahaifiyarsa Luisa kuma tana 'yan aikace-aikace don a rufa asiri. Da sandar itace da ƙwallon tsumma ya fara. A makaranta ya yi fice a jifan mashi, kuma wannan hannun ne daga baya ya zama abin tsoro ga duk mai gudu a fili. Yana ɗan shekara 18 ƙungiyar Santurce ta tsibirinsu ta ɗauke shi, a 1954 kuma Brooklyn Dodgers ta Amurka ta saye shi ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta a Montreal ta ƙasar Kanada. Can ya fara ɗanɗana abin. Yaro mai wannan baiwa, amma yawancin lokaci yana zaune a benci, bai san dalili ba, ga shi ba ya jin Turanci sosai balle Faransanci. A ƙarshen shekarar Pittsburgh Pirates, wadda ita ce ta zo ta ƙarshe a gasar, ta ɗauke shi a kan dala 4,000. A wannan ƙungiyar ya yi dukan rayuwarsa ta wasa, kaka 18, daga 1955 zuwa 1972.

Yanzu ku saurari irin rainin. A lokacin akwai dokokin wariyar launin fata a kudancin Amurka, kuma a jihar Florida ƙungiyar ke yin atisayen share fage. Clemente baƙi ne. Otal ɗin da abokan wasansa farare ke kwana, shi ba shi da damar kwana a ciki, sai dai a nema masa ɗaki a unguwar baƙaƙe. In suna kan hanya aka tsaya cin abinci, farare su sauka su shiga, shi da sauran baƙaƙen su zauna a cikin bas suna jira a miƙo musu abinci daga baya. Ku tsaya ku hango wannan da kyau. Mutumin da ya gama zuba gumi tare da ku a fili, yana zaune a mota yana kallonku ta taga kuna ci. Bai haɗiye wannan ba. Ya fito fili ya ce ba zai ci abincin da aka kawo masa a haka ba, ya matsa har shugabannin ƙungiyar suka samar wa baƙaƙen 'yan wasa motarsu daban, su tsaya inda za a karɓe su da mutunci.

'Yan jarida ma ba su bar shi ba. In ya yi magana da Turancinsa mai karin Sifaniyanci, sai wasu su rubuta kalmomin yadda ya furta su a karkace, don masu karatu su yi dariya. Suka yanke masa suna suka mai da shi Bob, har a katunan hotunan 'yan wasa. Shi kuma ya tsaya a kan cewa sunan da iyayensa suka raɗa masa Roberto ne. Ga kuma ciwon baya da ya samu a haɗarin mota a ƙarshen 1954, wanda bai rabu da shi ba har ya bar duniya. In ya ce bayansa na ciwo, sai a rubuta cewa raki ne, ƙaryar ciwo yake yi. Wanda aka kira mai raki ɗin nan ya buga wa Pirates wasa 2,433, kuma a tarihin ƙungiyar babu wanda ya wuce wannan adadi.

Abin da ya fi ƙona masa rai ya faru a 1960. A shekarar Pirates ta doke New York Yankees ta ci kofin World Series, wanda shi ne ƙololuwar wasan a Amurka. Clemente ya taka rawa sosai, shi ya fi kowa a ƙungiyar kai abokansa ga cin maki, har sau 94. Da aka zo zaɓen gwarzon shekara, 'yan jarida suka ba abokin wasansa Dick Groat, shi kuma suka jefa shi na takwas. Na takwas fa. Ya ji ciwo, kuma bai ɓoye ba, har zoben da ake ba waɗanda suka ci kofin ya ƙi sawa.

To a nan ne nake so ku buɗe kunne, domin a daidai wannan gaɓar yawancinmu muke faɗuwa. Mu da an yi mana haka, sai mu ce tunda ba a gani, bari mu rage. Shi kuwa shekarar da ta biyo baya, 1961, ya fi kowa a gasarsu iya bugu, da ma'aunin .351, wato a cikin kowane yunƙuri 1,000 yana dacewa sau 351, a wasan da wanda ya kai 300 ma gwani ne. Ya sake zama na ɗaya a 1964 da 1965 da 1967. Kyautar safar hannu ta zinare, wadda ake ba wanda ya fi iya tsaron wurinsa, ya ɗauke ta shekara 12 a jere, daga 1961 zuwa 1972. A 1966 waɗancan 'yan jaridar dai suka zaɓe shi gwarzon shekara. Ba su canza don sun ji tausayinsa ba. Aikin ne ya kai inda ba yadda za a yi a kau da kai.

Kuma kada ku ɗauka baiwa ce kawai. Filin Forbes, gidan Pirates na wancan lokaci, fili ne mai faɗi ƙwarai, da wuya a maka ƙwallo ta tsallake katanga. Maimakon ya zauna yana kukan fili, sai ya daidaita bugunsa da filin, yana harba ƙwallo a miƙe ta ratsa tsakanin masu tsaro. Katangar ɓangarensa kuma tana da kusurwoyi da ke sa ƙwallo ta yi tsalle ta inda ba a zata ba, shi ya nazarce ta har ya san inda za ta faɗo. Ya tsince ta, ya juya, ya jefo ta daga can nesa ta sauka a hannun mai tsaron tasha ta uku, mai gudu yana zuwa ya tarar ta riga shi. Da yawa daga masu gudu sai suka daina gwadawa ma. Wannan sanin ba ya samuwa ga wanda ke zuwa wurin aiki da rabin zuciya yana jiran a yaba masa tukuna.

A 1971, yana ɗan shekara 37, Pirates ta sake kaiwa World Series, ta haɗu da Baltimore Orioles. Ya yi bugu a ma'aunin .414, a wasa na bakwai kuma, wanda shi ne na raba gardama, ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, suka ci 2 da 1. Aka ba shi gwarzon gasar. Aka miƙa masa makirufo, Amurka duka tana kallo a talabijin. Kafin ya ce komai da Turanci, sai ya yi magana da Sifaniyanci, harshen da aka shekara ana yi masa dariya a kansa. Ya sa wa 'ya'yansa albarka, ya roƙi iyayensa da ke Puerto Rico su sa masa albarka a ranar da ya kira mafi girma a rayuwarsa. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Mu nawa ne muke fara jin kunyar harshenmu da tsofaffinmu da zarar mun sami ɗan matsayi? Yaro ya shiga jami'a shekara ɗaya, ya dawo yana gyara wa mahaifiyarsa magana a gaban baƙi. Ƙanina, in kana cikin masu yin haka, ka daina tun yau. Rainin da kake kuka an yi maka a waje, shi ne ka ɗauko ka kawo gida.

Ranar 30 ga Satumba, 1972, ya cika bugu 3,000 cif, adadin da kafin shi mutum goma kacal suka kai. Shi ne bugunsa na ƙarshe a wasannin kaka, ko da yake babu wanda ya san haka a ranar.

Ranar 23 ga Disamba na shekarar girgizar ƙasa ta rusa Managua, babban birnin Nikaragua, dubban mutane suka mutu. Makonni kaɗan kafin nan Clemente yana ƙasar, ya jagoranci ƙungiyar Puerto Rico a wata gasa, ya san mutanen. Ya karɓi shugabancin kwamitin tara gudummawa a tsibirinsu, ya bar bukukuwan ƙarshen shekara yana tattara abinci da magani da tufafi. Jirage uku suka tafi da kaya. Sai labari ya dawo cewa jami'an gwamnatin Somoza, mai riƙe da ikon Nikaragua a lokacin, suna karkatar da kayan, ba sa isa ga waɗanda abin ya shafa. Wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu, duk wanda ya taɓa ganin rabon kayan tallafi bayan ambaliya ko gobarar kasuwa ya san yadda buhu ke ɓacewa tsakanin sito da hannun mabukaci. Clemente yana iya cewa shi ya yi nasa, ya tara ya aika. Bai ce ba. Ya ga cewa kayan amana ce da talakawa suka danƙa masa, kuma in yana wurin da kansa, sunansa zai sa ɓarayin su ji kunya. Mutumin da aka taɓa bari a cikin bas yana jiran abinci bai iya zama ya ji ana hana wasu nasu ba.

Daren 31 ga Disamba ya hau jirgi na huɗu. Jirgin tsoho ne samfurin DC-7, yana da tarihin matsalar inji, an yi masa lodi fiye da ƙima, kuma ba shi da cikakkun ƙwararrun ma'aikata. Jim kaɗan da tashinsa daga San Juan, babban birnin Puerto Rico, ya faɗa teku. Duk mutum biyar da ke ciki suka rasu. Abokin wasansa Manny Sanguillén ya yi ta nutso a wurin yana nemansa, amma ba a ga gawarsa ba. Shekararsa 38, ya bar matarsa Vera da 'ya'ya maza uku ƙanana.

A nan dole in faɗa muku gaskiya, don kada wani ya ɗauki darasin a karkace. Ajali in ya zo babu makawa, amma wannan jirgin bai kamata ya tashi ba, kuma waɗanda suka san halinsa suka bar shi ya tashi sun ci amana. Kyakkyawar niyya ba ta gyara inji. In kun tashi aikin alheri, ku bincika motar, ku bincika direban, ku san wanda kuka ba kuɗin jama'a, ku rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ina ganin ƙungiyoyin matasa da yawa masu zuciyar taimako, gaggawa da rashin bincike ne ke kashe su, daga ƙarshe a rabu ana zargin juna.

Ƙa'ida ita ce sai ɗan wasa ya shekara biyar da barin wasa kafin a sa shi a zauren gwarazan besbol da ke garin Cooperstown na Amurka. Saboda shi aka ɗage wannan ƙa'ida, aka shigar da shi a 1973, ɗan yankin Latin Amurka na farko da ya sami wannan matsayi. Pirates ta ajiye lambar rigarsa, 21, ba wanda zai sake sa ta a ƙungiyar. Kyautar da hukumar wasan ke bayarwa duk shekara ga ɗan wasan da ya fi hidimta wa jama'a, tun daga 1973 sunansa take ɗauke da shi. Vera kuma ta ɗauki burin da ya daɗe yana magana a kai, na gina wa yaran talakawa filin wasanni kyauta, ta tsaya a kansa har aka kafa shi a garinsu Carolina.