Ariyakudi da sanin awo a waƙar Karnatik

Mu Hausawa in aka ce waƙar Indiya, ta fim muke nufi. Nan birnin Chennai na Indiya kuwa, duk watan Disamba zaurukan kiɗa cike suke da masu sauraren Karnatik, waƙar gargajiyar Kudancin Indiya, kuma tsarin da ake bi a kusan kowane zama na mutum ɗaya ne, Ariyakudi Ramanuja Iyengar, wanda ya rayu daga 1890 zuwa 1967.

Kafin zamaninsa mawaƙi kan kama raga ɗaya, wato kari guda, ya yi ta jansa har dare ya raba. Shi ya tsara zaman wajen awa 3: a buɗe murya da varnam, wato waƙar share fage, a jero waƙoƙi masu kari daban-daban, a kai ga babbar waƙa, a bar wa mai gangar mridangam fili shi kaɗai, sannan a sauka da ƙananan waƙoƙi.

Ni abin da ya fi kama min zuciya shi ne saurinsa, tsaka-tsaki, abin da suke kira madhyama kala. Daɗin Karnatik yana cikin gamaka, girgiza muryar da ake yi tsakanin sauti da sauti. A yi gaggawa, girgizar ta mutu, kari biyu masu kama da juna su cakuɗe. A ja da yawa, kiɗa ya yi sanyi, kalmomi su warwatse. Shimfiɗar kari da Ariyakudi yake yi kafin waƙa gajera ce, amma cikin mintuna kaɗan ka gane karin da ake kira Todi ne yake ciki.

Dubi hannun mawaƙin a kan cinyarsa: bugu ɗaya, yatsu uku, sai bugu da juya tafi sau biyu, 8 ke nan, zagayen awon kiɗa da suke kira adi tala. Duk nisan da ya yi da baiti, dole ya dawo daidai gurbin da ya ɗauko shi. Wanda ya cika lissafin sauti don burge jama'a, a nan yake tuntuɓe.

Kunnen da ya saba da Shata ba zai yi baƙunta ba. Shi ma yakan saki baiti, ya kewaya, ya faɗo daidai inda 'yan amshi da kalangu ke jiransa. Sai dai nauyin waƙarmu yana kan magana, kirari da habaici, su kuma layi ɗaya za a maimaita sau goma, karin ne ke sauya kaya.