Kilishina da gwaggon birin Zambezi

Tunda Akanta ya riga ya watsa bidiyon kokawata da gwaggon biri a guruf ɗin ofis, kuma na ji har ya isa guruf ɗin 'yan ajinmu na sakandare, gara ku ji zancen daga bakina, don bidiyon nan daga tsakiya ya fara.

Kun dai san taron da masu ba mu tallafi suka kira a Livingstone ta ƙasar Zambiya cikin watan Afrilu. Oga, Hajiya, Akanta, sai ni. Abuja, Addis Ababa, Lusaka, sannan ƙaramin jirgi ya ƙarasa da mu. Masaukin yana bakin kogin Zambezi, can sama da inda ruwan yake zubawa, wato Victoria Falls. Da na leƙa kuɗin kwana ɗaya a takardar da ke hannun Akanta sai da na nemi wuri na zauna. Ɗakin kuwa jinka ce. Jinkar ciyawa, jama'a, wadda babanmu ya sayar da sa biyu don ya rabu da ita ya sa kwano, ita ce aka ɗora a kan ƙafafun katako, aka sa gado mai labule da na'urar sanyaya ɗaki, ake biya da dala. Banɗaki ya kai girman falona, kwamin wanka a waje yana kallon kogi, tawul kala-kala, man shafawa kwalba-kwalba, amma babu buta. Da gorar ruwa na yi ta fama. Alƙibla ma da na duba waya sai ta nuna mini arewa, na yi ta juya darduma ina zargin wayar.

Yarinyar da ta karɓe mu ta karanta mana dokoki tana murmushi. Kada a bar ƙofa a buɗe saboda birai. Kada a sauka bakin ruwa saboda kada. Idan rana ta faɗi ba mai fita shi kaɗai, sai ka buga waya mai gadi ya zo da cocila ya raka ka wurin cin abinci, domin dorina da dare take fitowa kiwo, kuma ba ta son a shiga tsakaninta da ruwa. Duk na bi. Ina so a rubuta wannan, duk dokokin nan na bi su.

Abincin dare na farko na ga an jera naman kada da na gadu, sai na gode wa uwargida da ta cusa mini kilishi a jaka, na wajen mutuminmu, wanda ake sa wa yaji sau biyu. Da shi da nshima, wato tuwon masararsu, na yi ta lallaɓa rayuwata. Ni da Akanta, in ƙara. Kullum bayan isha'i sai in ji ƙwanƙwasa ƙofa, ga shi tsaye da mai gadi da cocila, wai ya zo mu duba jadawalin gobe. Bai taɓa zuwa da jadawalin ba.

Ranar da aka ce za a je ganin ruwan, Oga ya ce kowa ya yi shiga ta gida don za a ɗauki hoton da za a sa a rahoton shekara. Na ɗauko farar shaddata 'yar ciki da malum-malum, wadda aka kai mabuga kwana biyu kafin tafiya, tana tsayawa da kanta don sitaci. Zanna bukar. Takalmi sau-ciki. Ragowar kilishin na naɗe a takarda na sa a leda na jefa aljihun gaba, saboda an ce sai la'asar za mu dawo, kuma in na bar shi a ɗaki ban san wanda zai riga zuwa ba tsakanin biri da Akanta.

Tun daga masauki ana hango feshin ya turnuƙe sama, rugugin kuma a ƙirji kake jin sa. A ƙofar shiga ɗan jagoranmu ya tsaya yana zuba bayani: mutanen wurin Mosi-oa-Tunya suke ce masa, Bature David Livingstone ya iso a 1855 ya laƙaba masa sunan sarauniyarsu Victoria, faɗinsa mita 1,700 da ɗoriya, zurfin inda yake faɗawa ya haura mita 100. Ya nuna mana gadar jirgin ƙasa da aka gama a 1905, wadda ta haɗa Zambiya da Zimbabuwe, inda masu neman rigima da ajali suke ɗaura igiya a ƙafa su faɗa mita 111. Sannan ya ce, kuma wannan maganar da kunnena na ji ta, za mu ɗan jiƙe kaɗan. Kaɗan ya ce.

Akwai masu ba da hayar rigar leda a wurin. Na dubi Akanta, ya ce babu wannan a kasafi. To, ni da na taɓa zuwa Gurara da Matsirga na dawo a bushe, me zai sa in lulluɓe shaddar da aka buga da ledar da wani ya cire yanzu? Na wuce.

Akwai wata siririyar gadar ƙafa da ake kira Knife Edge, tana fuskantar ruwan ƙiri da muzu. A watan Afrilu kogin ya cika ya batse, don haka ba ka ganin komai sai fari. Ruwan kuma ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Daga ƙasa yake tasowa, ya shiga ta ƙafar wando, ya fito ta wuya. Kafin in kai tsakiyar gadar malum-malum ta sha ta ƙoshi, sitaci ya narke yana bin ƙafata yana yauƙi, zanna bukar ta kwanta ta rufe mini kunne ɗaya, takalmi yana cakal-cakal. Na waiga in ga ko 'yan uwana suna raye, sai ga Akanta cikin rigar leda har biyu, ɗaya a kan ɗaya, jakar rasit ɗinsa ma an yi mata tata ledar. Ashe kuɗin aljihunsa ya sa. Babu a kasafi, gaskiya ya faɗa, amma ko ara mini bai yi tayi ba.

Bari in tsaya a kan mutumin nan. Shi ne fa ya riƙe mini naira 3,500 na kuɗin adaidaita sahu tun tafiyar Kaduna, wai ban kawo rasit ba. Wane mai adaidaita ne yake yawo da rasit? Shi ne ya sa aka daina sayen madarar gwangwani a ofis aka koma ta gari, ta garin ma yana kulle ta a durowarsa. Ranar sunan ɗansa ni na tsaya a kan mahauta tun asuba. A jirgi daga Addis ya karɓi burodina da man shanu da sunan zai ajiye mini. Mutum ne da in kuka ci abinci tare sai ya lissafa lomarka, amma tasa lomar ba ta shiga lissafi. Kuma duk ofis ana ganin salihi ne saboda ba ya ɗaga murya. Ba ya ɗaga murya mana, waya yake ɗagawa.

Muka fito daga feshin. Hoton Oga dai bai yiwu ba. Na samu wani dutse da rana ta buɗe a kai, kusa da hanyar da take gangarawa wurin da suke kira Boiling Pot, na zauna ina matse hannun riga. Sanyi ya sa mini yunwa. Na laluba aljihu, Allah da ikonsa leda ta kare kilishin, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na buɗe bakin ledar kenan, ƙamshin ya tashi.

Ban ji tafiyarsa ba. Inuwa kawai na gani, na ɗaga kai, ga shi a gabana. Gwaggon biri, namiji, ƙato, kafaɗa cike da gashi, wutsiya a karye ta yi baka. Bai dube ni ba, ledar yake kallo. Ya miƙo hannu a natse, irin na mai karɓar haraji a bakin kasuwa, ya kama gefe ɗaya.

A nan bidiyon ya fara, shi ya sa ake ganin kamar ni na tsokane shi.

Na riƙe. Ya ja, na ja. Na ce masa "Kai! Saki!" da Hausa, don a irin wannan lokacin Turanci ba ya zuwa. Ya ɗage leɓe ya nuna mini haƙora, dogaye, rawaya, kowane ya kai ɗan yatsana. Ɗan jagora yana ihu daga nesa wai in bar masa, in bar masa. Hajiya ta ɓuya bayan Oga tana cewa, "Malam, don girman Allah ka sakar masa, sadaka ce!" Sadaka ga wa? Kilishin da ya keta ƙasa uku? Oga kuma yana ta "A yi hankali, a yi hankali," bai ce wa zai yi hankalin ba, ni ko birin.

Sai na miƙe tsaye don in samu ƙarfin ja. Wandon shadda in ya sha ruwa nauyinsa ninkuwa yake. Na ji ɗas a ƙuguna. Zariya ta tsinke.

Ku da kuke dariya, ku sa kanku a wurin. Hannun dama yana kan kilishi, hannun hagu ya cafke wando a daidai cinya, malum-malum ta manne a jiki ba ta rufa wa kowa asiri, hula ta rufe ido ɗaya. A gefe ga 'yan makarantar firamare cikin yunifom an kawo su yawon buɗe ido, sun bar abin da duniya take zuwa gani sun zagaye ni. Wata tsohuwar Baturiya mai sandar tafiya biyu tana gaya mini kada in kalle shi cikin ido. Da wane idon? Birin ya sake fizga, wandon ya ƙara sauka, na ga lallai hannu ɗaya ba zai riƙe shi ba. A bidiyon daƙiƙa shida ne, na ƙirga. Ni a wurina na yi shawara da kaina mai tsawo, na tuna 'ya'yana, na tuna surukaina suna da WhatsApp. Na saki ledar.

Bai ma gudu ba, abin da ya fi ƙona mini rai kenan. Taku uku ya yi, ya hau dutsen da na tashi daga kai, ya yage ledar, ya warware takardar a hankali ya yar, ya kai baki. Na tsaya riƙe da wando ina jiran yajin ya rama mini. Ya tauna, ya tsaya. Ya goge baki da bayan hannu. Ya girgiza kai, ya yi atishawa har sau biyu, idonsa ya kawo ruwa. Na ce alhamdu lillahi. Sai ya gyara zama ya ci gaba da ci. Wata macen ta matso da ɗa a bayanta, ya juya mata ƙeya. Har wannan halin na san mai shi.

Muryar da kuke ji a ƙarshen bidiyon tana cewa "Malam, ɗan juyo nan, hasken bai yi ba," ta Akanta ce.

Igiyar katin taron da ke wuyan Hajiya aka ciro na ɗaure wandon da ita, sunan masu ba mu tallafi yana reto a gabana har mota. Direba ya shimfiɗa mini leda a kujera. Kafin mu isa masauki uwargida ta bugo, ba sallama ba komai, sai "Maigida, duka ya cinye?"

Ma'aikatan masaukin kam ba su da laifi, mutanen kirki ne. Suka karɓi shaddar, washegari suka dawo da ita a ninke cikin kwando da ɗan fure a kai, ta yi laushi tiɓis, ba sitaci ba sheƙi, an kuma zura wa wandon roba a maimakon zariya. Da yamma aka fita da mu cikin jirgin ruwa kallon faɗuwar rana, dorinai suna fito da kunnuwa suna huci, giwaye a tsibiri, kowa yana ɗaukar hoto. Wani ma'aikaci ya kawo mini gyaɗa a ɗan kwano, ya sunkuyo ya ce in riƙe da kyau. Har can labarin ya kai.

Da muka dawo na rubuta takardar neman a biya ni kuɗin kilishi da na bugun shadda, tunda a bakin aiki abin ya same ni. Oga ya sa hannu. Tana teburin Akanta. Ya ce a cire rabin kilishin don an riga an ci kafin ranar, kuma wai shi shaida ne.

Robar wandon nan kuwa ta fi zariya daɗi, ban dai gaya wa tela ba tukuna.