Jijiyar da ta yanke ba ta jiran mai sakaci

Jiya bayan La'asar wani matashi mai aikin tagogin alminiyam ya miƙo min hannu mu gaisa, sai na ga ƙaramin yatsansa da na kusa da shi sun lanƙwashe, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zabge ya bar rami. Gilashi ne ya yanke shi a wuyan hannu tun kafin azumin bara. Aka ɗinke fatar a kemis, gyambo ya warke, shi ke nan. Da na tambaye shi batun asibiti sai ya ce, "Ai an ce zai dawo da kansa." Wallahi raina ya ɓaci.

'Yan'uwana matasa, wannan "zai dawo da kansa" ta nakasa mutane da yawa. Jijiyar da ke kai saƙo daga laka zuwa hannu da ƙafa, Allah ya ba ta ikon sake tofowa, amma da sharaɗi. In ta yanke, ɓangaren da ya rabu da tushensa yakan lalace cikin 'yan kwanaki. Daga nan ƙwayoyin halittar da ke lulluɓe da ita, waɗanda ake kira Schwann, su taya share tarkacen, su jeru su yi hanya, su riƙa fitar da sinadaran da ke ciyar da sabon tsiron suna janyo shi gaba, kamar mai lambu ya gyara kwari ya saki ruwa. Na farkon waɗannan sinadarai, NGF, Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya da Stanley Cohen na Amurka ne suka gano shi, har aka ba su kyautar Nobel a 1986. 

To amma tofowar nan tafiyar kusan milimita 1 ce a rana, wato inci guda a wata. Kuma ƙwayoyin Schwann ba sa zama cikin shiri har abada. In watanni suka shuɗe tsiro bai iso ba, sai su rage fitar da sinadaran. Tsokar da ta yi wata 12 zuwa 18 ba saƙo, da wuya ta ƙara motsi ko da jijiyar ta iso daga baya. In kuwa bakuna biyu na jijiyar da ta yanke sun yi nesa da juna, sai likitan tiyata ya haɗa su, in ba haka ba tsiron ya dunƙule ya zama ƙulli mai azabar zafi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, mu kuwa sai ya huce muke neman guduma.

Ɗan acaɓa ya faɗi, hannu na lilo daga kafaɗa, a yi ta murza shi da man zafi, ana jira. Yaro a yi masa allura a ɗuwawu ba a inda ya dace ba, ya fara jan ƙafa, a ce iska ce, ana jira. Ga masu lasifika a bakin tasha da garin "maganin jijiya". Wane gari ne zai haɗa jijiyar da ta rabu biyu? Ko NGF ɗin kansa, in ka haɗiye shi ciki ne zai narkar da shi. Kuɗin data da na kallon ƙwallo ba sa gagararmu, kuɗin mota zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano ne ke mana nauyi. Wasu ma taramol suke afawa don zafin ya lafa, su ɗora da sigari mai ƙuntata hanyoyin jinin da jijiyar ke buƙata. Garin neman gira a rasa ido. Da-na-sani ƙeya ce.

Duk wanda ya ji rauni ya ga yatsa ba ya ji ko ba ya motsi, don Allah ya nemi likita tun da wuri.

Abin da ke ƙara cin raina, a da dattijon mai ɗori ya san iyakar iliminsa. In ya taɓa hannu ya ga abin ya fi ƙarfinsa, zai ce a wuce gaba, kuma manyan gida su tsaya sai an je. Yanzu kowa likita ne a TikTok, babba na ganin yaro da shanyayyen hannu ya kau da kai don gudun a ce ya cika shisshigi, maƙwabci ma ya daina tambaya.