Ba Suna, Laka, Bindiga

Matar Yaya ta sauka lafiya a Los Anjalis, an samu namiji, suna ya faɗo ranar Asabar. Ni kuma ina karatu a Denba, jihar Kolorado, kuma duk faɗin Amurka ni kaɗai ne ɗan'uwansa ciki ɗaya, don haka maganar rashin zuwa ba ta ma taso ba. Na duba kuɗin jirgi, na kife wayar, na yi istigfari, na sake dubawa ko ya sauka. Yana nan daram. Sai na leƙa ta taga na dubi tsohuwar motata da na saya hannun wani ɗalibi mai komawa gida. Tafiyar wajen mil 1,000 ce. Na buga lissafin mai, na ga in na bi ƙasa zan saya wa jariri kaya har in samu canji. Ranar Alhamis ina idar da sallar asuba na ɗau hanya.

Titin da ya fita daga Denba ya nufi yamma shi ne mai lamba 70, kuma ba ya wasa da tsohuwar mota. Kana barin gari sai hawa, hawa, har ka shige ramin Eisenhower da aka fasa cikin dutse a tsayin da ya haura ƙafa 11,000. Motata ta shiga ramin tana tari, ta fito tana nishi. Na lallaɓa ta muka wuce Vail, muka gangara cikin kwazazzabon Glenwood, inda titi ke bin gefen kogin Kolorado, duwatsu sun tokare sama hagu da dama. Wuri ne mai kyan gaske, an ce sai 1992 aka gama wannan yankin titin saboda wahalar aikinsa, amma ni ban ga kyan ba, idona na kan allurar zafi da ta miƙe tsaye. Can sai hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin bonet.

Titunan nan ba irin namu ba ne da za ka ga inuwar mangwaro ka faka. Sai ka jira kwanar fita, kowace da koren allonta, da lamba, da sunan wurin. Lambar ma ba haka kawai ake ba da ita ba, mil ake ƙirgawa daga iyakar jiha, wato in ka ga 119 a wannan titin to tsakaninka da iyakar Yuta mil 119 ne. Ita ce kuwa ta fara zuwa. Na ɗaga kai in ga sunan garin da Allah ya nufa zan yi jinyar mota, sai na ga an rubuta da manyan fararen baƙaƙe: No Name. Na ɗauka ma'aikata ne suka kafa allon kafin a aiko musu da sunan. Ashe sunan ke nan. Ba Suna. Akwai rafin Ba Suna, akwai wurin hutawar matafiya na Ba Suna, akwai mutane masu gidaje da 'ya'ya da ke kwana su tashi a Ba Suna.

Na faka a wurin hutawar, na ɗaga bonet, na koma gefe ina jiran lagireto ya huce. Rana ta kusa tsakiya, wanda ke nufin a Zariya an idar da magariba, tunda awa bakwai ke tsakaninmu a wannan lokaci na shekara. Wannan ita ce sa'ar da Hajiya ke zama kan darduma da waya a hannu. Kira kuwa ya shigo.

Hajiyarmu tana da doka tun muna firamare: ba a yi mata Turanci. Ko "sorry" ka ce sai ta tambaye ka ko Hausar ce ta ƙare. Saboda haka da ta ce, "Auta, ka isa wurin sunan?" sai na tattaro ladabina na fassara mata allon tsaf.

"A'a Hajiya, mota ce ta ɗan yi zafi, yanzu haka ina tsaye a wani wuri, Ba Suna ake ce masa."

Abin da na faɗa ke nan, Allah ne shaida. Amma sabis a cikin kwazazzabo sai addu'a. Daga baya na samu labarin abin da ya isa Zariya daga wannan doguwar jimla: "A'a Hajiya… zafi… ba suna." Sai layi ya mutu.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba. Ina nan ina hira da wani dattijo Bature mai ƙatuwar motar nan da ake kwana a ciki, wanda ya zo da jarkar ruwa ya taimaka mini. Na tambaye shi yadda aka yi gari guda ya rasa suna. Ya ce abin da ake faɗa shi ne, da ana aikin titi aka sa "ba suna" a allon kafin a samo na gaske, mutanen wurin suka ji ya yi musu, suka ce a bar shi. Ya ce wannan ai mai sauƙi ne. A Niyu Meziko akwai garin da ake kira Truth or Consequences, wato faɗi gaskiya ko ka ɗanɗana kuɗarka. Da can sunansa Hot Springs, sai a 1950 mai wani shirin rediyo ya yi shelar zai kawo shirinsa duk garin da ya yarda ya ɗauki sunan shirin, su kuwa suka jefar da nasu suka karɓa. A Oregon kuma akwai Boring, wato mai gundura, alhali sunan wani tsohon mazaunin wurin ne, William Boring. Da suka ga dariyar ta ƙi ƙarewa sai suka ƙulla ƙawance da wani ƙauye a Sikotilan mai suna Dull, shi ma ma'anar kusan ɗaya ce. Na yi ta ƙyaƙyata dariya a bakin titi, ban san a daidai wannan lokacin ana salati a tsakar gidanmu ba.

Ga yadda aka yi. Dama akwai 'yar ƙura a ƙasa. Yaya na son sa wa yaro sunan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, dangin matarsa kuma sun daɗe suna shaguɓe cewa nasu tsohon ma ai suna gare shi. Da Hajiya ta ji "zafi" ta ji "ba suna", sai ta haɗa biyu da biyu: rigima ta yi zafi, an fasa suna. Ta kira Yaya, yana wurin aiki inda ake kulle waya a loka. Ta kira mai jego, tana barci. Sai ta kira Gwaggo, kuma duk wanda ya san gidanmu ya san daga nan magana ta fita hannun hukuma.

Gwaggo ba ta tsaya tambaya ba. Ta yafa mayafi ta hau Keke Napep sai gidan surukai, ta zazzage musu duk abin da take tarawa tun ranar kai lefe, har da maganar akwatin da suka ce bai cika ba. Aka aika wa mai waina cewa kar ta jiƙa shinkafa. Kawu kuwa, mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko ruwan sama na dukansa, a daren nan ya kwance ragon sunan da aka ɗaure a zaure, tunda a gida za a yanka, ya ja shi har gidan dillali ya karɓo kuɗin kafin alƙalami, wai kar gari ya waye mutumin ya ce ciniki ya faɗa.

Mota ta huce, na yi wa dattijo godiya na hau titi. Na wuce Glenwood Springs, ban yi nisa ba sai ga allo: Silt. Laka ke nan, irin wadda kogi ke bari in ya janye. Mil bakwai gaba, wani allon: Rifle. Bindiga. Na duba taswira na ga na gaba shi ne Parachute, laimar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgi. Abin ya yi mini daɗi har na ji bai kamata in ci ni kaɗai ba. Na ratse gidan mai a Rifle, na ga sabis ya fara leƙowa, kafin saƙonni su shigo na danna na aika wa Hajiya saƙon murya cikin nishaɗi:

"Hajiya ki kwantar da hankalinki, na samu na fita daga Laka da ƙyar, yanzu ina Bindiga. In na kai Laima zan kira ki."

Na jefa wayar a kujera na shiga shago neman ruwan lagireto da abin taɓawa.

Wanda bai zauna Arewa a shekarun nan ba ba zai gane abin da wannan saƙo ya yi ba. Mutanen da suka ga abin da hanyar Kaduna zuwa Abuja ta zama a wani lokaci, ba a haɗa musu "hanya" da "bindiga" a zance ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Aka tura saƙon zauren WhatsApp na dangi, kowa ya saurara ya fito da tafsiri. Wani ɗan Gwaggo ya ce tun farko ba sunan jariri nake nufi ba, an hana ni faɗin sunan wurin da nake ne. Wata ta ce ku ji muryarsa, dariyar dole yake yi. Aka yi ta muhawara kan "laima", har aka tsaya a kan cewa sansaninsu ne. Kawu ya hau kujerar shugabanci, ya ba da umarni kar kowa ya kira ni, suna saurare. Ya buɗe asusu da kuɗin ragon da ya karɓo. Gwaggo, wadda ba ta gama hucewa daga gidan surukai ba, ta yi alkawarin akuyarta mai ciki. Wani ƙanen Hajiya ya tambaya, da zuciya ɗaya, ko su ma na Amurka suna karɓar naira ko sai an canza.

Da na dawo mota wayar har ta yi ɗumi don saƙonni. Na fara karantawa daga ƙasa, na ga ana yi mini addu'ar kuɓuta. Na haura sama, na ga an fasa suna. Na ƙara haurawa, na ga hoton zaure babu rago. Na zauna riƙe da gorar ruwa na rasa ta inda zan fara.

Kiran bidiyo na yi wa Kawu. Ya ɗauka yana raɗa.

"Suna kusa da kai?"

"Su wa, Kawu?"

"In ba za ka iya magana ba, ƙifta ido sau biyu."

Ka san mutum ba ya sanin yawan ƙifta idonsa sai an ce kar ya ƙifta. Na buɗe ido tar har hawaye suka taru, abin da ya ƙara tabbatar musu ina cikin wani hali. Ƙarshe na fito na juya kyamara, na nuna musu famfunan mai, da wata tsohuwa tana ba karenta ruwa, da allon da ke ɗauke da sunan garin. Kawu tsohon hedimasta ne. Ya gyara tabarau ya karanta baƙi bayan baƙi, ya yi shiru, sannan ya ce, "To su waɗannan mutane, duk ilimin nasu, sunan gari ne ya gagare su?"

Na ce, "Kawu, ai mu ma muna da Rijiyar Zaki a Kano, da Unguwar Shanu a Kaduna, ga Babban Mutum can ƙasar Daura. In Bature ya kira uwarsa ya ce yana cikin Rijiyar Zaki fa?"

Ya ce wannan daban, namu sunaye ne masu asali. Ban ja ba. Ni dai a raina na san kunne ne ya saba, wanda aka haifa a Rifle ba ya jin ƙarar harsashi in an ambaci garinsu. Na lallaɓa na tambaya, tunda an riga an tara kuɗi, ko za a ɗan tsakuro mini na gyaran lagireto. Ya ce kuɗin fansa aka tara, ba na makanike ba, kuma tunda ba a sace ni ba kowa za a mayar masa da nasa.

Washegari dillali ya ce rago ya kwana a hannunsa, ya ci dusa, kuma kasuwa ta tashi. Aka sake sayen ragonmu da ƙari. Aka tura dattawa biyu da goro gidan surukai su ba da haƙuri kan ziyarar Gwaggo, ita kuwa ta ce ba ta janye ko kalma ɗaya ba, dama tana neman rana. Duka aka rubuta a kaina, har kuɗin Keke Napep. Da na tara da kuɗin mai da na ɗakin da na kwana a Yuta, jirgi ya fi araha nesa ba kusa ba.

Sauran tafiyar na kama bakina. Tsakanin Green River da Salina akwai sama da mil 100 babu gidan mai ko ɗaya, ban gaya wa kowa ba. Na koma titi mai lamba 15, na ratsa Las Vegas ban ambata ba, don wannan ko ba fassara sai an yi taron dangi. Na shiga hamadar Kalifoniya, na wuce Baker mai dogon ma'aunin zafin nan na ƙafa 134, mota ta sake fara nishi. Kwanar da ta zo ita ce 239, a allon an rubuta Zzyzx Road. Wani mai wa'azin rediyo ne, Curtis Springer, da ke kiran kansa likita ba tare da ya yi karatun ba, ya ƙirƙiro sunan a 1944 don ya zama kalmar ƙarshe a ƙamus. Ya buɗe wurin wankan magani yana sayar wa mutane ruwa da gishiri, har gwamnati ta tashe shi a 1974. Shi ya tafi, allon na nan.

Ina ɗaga bonet waya ta yi ƙara.

"Auta, kana ina yanzu? Kuma ka faɗa mini yadda yake a rubuce, kar ka ƙara mini komai."

Na dubi allon da kyau, na cika baki da iska.

"Zzz… Ziz… Zzzai…"

"Sabis ɗin ya sake lalacewa," na ji ta ce wa wani a gefe. "Kira mini Gwaggo."