Wanda ya faɗi suna ba dalili bai canki komi ba

To, mutumin nan na fadarmu da aka ce shi ya ci gasar canki, an ba shi kilishin, ya ci, Allah ya sa ya zama jiki. Amma tunda an ce in yi shiru a grup kar fada ta watse, ni kuma nan shafina ne, zan faɗa. Wanda bai gama Identity Crisis ba, wato bede ɗin nan, littafin labari na zane, ya tsaya nan ya wuce, don zan tona komi, kar gobe a tare ni a kasuwar Dole a ce na ɓata ma wani karatu.

Mutuminku bai canki komi ba. Wallahi bai canka ba. Sati bakwai muna bin bede ɗin nan nimero-nimero, kowace Juma'a bayan la'asar in an ɗora shayi, kuma tun ranar farko muka yi sharaɗi cewa wanda ya gano wa ya kashe Sue Dibny, matar jarumi Elongated Man, za a haɗa jika biyu a saya mishi kilishi. Satin farko ya ce mugun nan Doctor Light. Na biyu ya ce Doctor Light har da rantsuwa. Na uku da ya ga Deathstroke ya tsaya shi kaɗai ya jibgi jarumai kusan bakwai sai ya koma can. Ya taɓa Captain Boomerang, ya taɓa Calculator, rannan yana hura gawayi ya ce "ko ma matar nan ce ta Atom", aka yi dariya, shi ma ya yi dariya, ya wuce. Shi ke nan fa. Wannan "ko ma" ɗin ita ce yau ta zama basira. Nimero na 7 na fitowa ya miƙe yana bugun ƙirji wai ai shi tuni ya san Jean Loring ce, tsohuwar matar jarumi Atom ɗin. Haba ƙanena. Wanda ya watsa tsaba faɗin fili dole wata kaza ta tsinta, wannan bai sa shi ya zama maharbi ba.

Suna ba dalili ba canka ba ne. Mushenmu na lissafi a CEG in ka rubuta amsa daidai ba ka nuna hanyar da ka bi ba, ziro yake dangwala maka da jan biro, ya ƙara da tambayar wa ka leƙa. Lokacin muna cewa mugu ne. Yau na gane mutumin kirki ne.

Don Allah ku duba yadda Brad Meltzer ya gina abin nan tun 2004. An kashe matar Elongated Man cikin gidanta tana shirya mishi walimar zagayowar haihuwarshi, gida mai tsaro irin na fasahar duniyoyi daban-daban, ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba, ba sawu ko ɗaya a ƙasa. An ƙone gawar. Kowa ya ce wuta ce, wa ke da wuta da haske, wa ke da tsohuwar ƙiyayya da ita, Doctor Light. To sai likitan jarumai Doctor Mid-Nite ya buɗe gawa ya ga huhunta ba hayaƙi, ke nan ta riga ta mutu kafin wutar. Daga nan duk mai hankali ya san wutar rufa-rufa ce, kuma tambayar ta tashi daga "wane ne mugu" ta koma "wa ya ci riba". Batman da kanshi sai da ya dawo kan wannan tambayar. Mugaye ba su ci ribar komi ba, farauta ma aka shiga yi musu ko'ina. Waɗanda suka samu su ne iyalan jaruman, kowa ya ruga gida ya rungume nashi don tsoro.

Ni fa tun nimero na 4 na faɗi wannan, akwai shaidu, mai shayi na nan da ranshi. Da aka rataye Jean, Ray Palmer, wato Atom tsohon mijinta, ya biyo ta wayar tarho ya cece ta, suka fara kallon juna irin kallon nan, na ce jama'a wannan kisan ba na ƙiyayya ba ne, wani ne ke son aurenshi ya dawo. Na ce Ray ne, shi ke iya ƙanƙancewa ya bi ta waya ya shiga inda ba ƙofa, kuma shi ke neman kome. Awo, na ɓata suna, ban musa ba. Amma hanyar shiga tawa ce, dalili nawa ne, har auren da ake magana a kai shi na nuna da yatsa. Da nimero na 6 ya nuna ƴan sawaye ƙanana cikin ƙwaƙwalwar Sue, wa aka juyo aka kalla a fada? Ni. Kuskurena ɗaya, na ɗauka mijin ne ke biko, ashe matar ce ta ɗauki tsohuwar rigarshi ta yi aikin. Ni na bi hanya tun daga Zinder har na hango Mirriya, taya ta fashe a bakin gari. Shi kuma barci ya yi a mota aka tashe shi a tasha, yanzu shi ke ba mu labarin hanya.

An ce wai sharaɗi "wa ya kashe" aka ce, ba "don mi" ba. Na ji. In haka ne gobe in an kawo wani littafi zan karanto sunayen duk wanda ke ciki tun daga bango har bango, har karen gidan, sai ku ba ni kilishi. Wani kuma ya ce ai dalilin Jean ɗin ma shirme ne, ba mai iya canka shi. Wannan dai ban ce ƙarya ba ne gaba ɗaya. Mace lauya, ita ta bar mijin da ƙafarta, mijin nan kuma kowa ya ga har yanzu zuciyarshi na wurinta, da ta aika mishi da kwanon tuwo ɗaya da dare ya dawo da gudu. Sai ta ce ba ta yi niyyar kisa ba, tsorata Sue kawai ta so yi, amma ta taho da abin feshin wuta a hannu. Wa ke zuwa gaisuwa da bidon ɗin esansi da ashana? Shirme ne, na yarda. Amma shirmen da na canka ne. Raunin dalili matsalar marubuci ce, ba ta mayar da "ko ma" ta zama hujja.

Kuma maganar gaskiya, ba don kilishi nake wannan ba, ko da yake na so shi. Abin da ya sa labarin ya kama ni shi ne Ralph, wato Elongated Man mijin Sue. Mutumin da jikinshi ke miƙewa kamar roba, ranar jana'iza ya kasa riƙe fuskarshi, ta zube, Rags Morales ya zana ta yadda sai da na aje waya na ɗan yi shiru. Ga kyautar da Sue ta ɓoye mishi, ashe ciki gare ta. Ga Tim Drake, wato Robin mataimakin Batman, yana jin muryar babanshi a waya cikin motar Batman, suna gudu ba su isa ba. Duk wannan hawayen wata ce ta jawo shi don tana jin kaɗaici. Mu nan ba mu san wannan ba? Mun san abin da kishi da zawarci da son kome ke sa mutum, mun ji a unguwanni, mun ga gidajen da suka watse a kai. In ka cire dalili ka bar suna kawai, ka zubar da labarin duka, saura canki-canka irin na yara da dutse a hannu. Ko yadda aka kama Jean ma, bakinta ne ya kashe ta, ta tambayi Ray zancen takardar da aka aika ma Jack Drake, baban Tim, alhali ba a bayyana ma kowa akwai takarda ba. Na tambayi mutuminku wannan a gaban kowa, ya ce wace takarda. Wace takarda! Ga gwaninku nan.

Sati mai zuwa an ce Watchmen za a fara, mai nimero 12, na 1986. Ni na karanta shi tuni don haka ba na cikin gasa, alƙali zan zama, kuma kowa zai rubuta suna da dalili a kaye ya sa hannu, sau ɗaya, ba canji.

Sannan wanda ya tahi da sarjata fara ranar Juma'a, mai ɗaurin salatif baƙi a wuya, ya maido ta wurin mai shayi. Kwana huɗu ke nan ina kai waya sarji shago ina biyan dala ashirin, kuma ta Tecno ce, ba ta ma shiga wayarka da kyau.